Birnin Ikko Yana Cinye Fadamunsa, Taurarin Ɗan Adam Suna Kallo

Duk wanda ya san birnin Ikko shekaru arba'in da suka wuce, idan ya koma yau ya bi hanyar da ta tashi daga Victoria Island ta nufi Epe, zai yi ta waige-waige yana neman abin da ya sani ya rasa. Inda a da babu kome sai ruwa kwance da ciyayi da itatuwan gaɓar teku da ƙananan ƙauyukan masunta, yanzu gidajen bene ne jere da kantuna da makarantu da masana'antu. Mai wucewa zai ce ai wannan shi ne ci gaba, kuma ba a musa masa. Amma akwai tambaya guda wadda ba a cika yin ta ba sai ranar da ruwa ya shiga ɗaki: shin ruwan da yake kwanciya a waɗannan wurare, ina aka ce ya tafi?

Wannan tambaya ita ce ta sa masana a ƙasashe da yawa suka duƙufa wajen auna fadamun da ke cikin birane da kewayensu, suna lissafa abin da ya ragu kowace shekara. Dalilinsu biyu ne. Na farko shi ne kare rayuka da dukiya daga ambaliya. Na biyu kuwa shi ne alkawarin da manyan biranen duniya suka ɗauka na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, domin an gano cewa fadama tana daga cikin manyan rumbunan da Allah ya tanada don adana wannan iska.

GARIN DA AKA ƘWATO DAGA RUWA

Sunan Legas kansa ya isa shaida. Turawan Fotugal ne suka laƙaba wa wurin, kuma ma'anar kalmar a harshensu ita ce tafkuna. Jihar Legas, wadda aka ƙirƙiro a 1967, ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya wajen faɗin ƙasa, ba ta kai murabba'in kilomita 4,000 ba, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar na wannan faɗi ruwa ne. Ga teku daga kudu, ga babban tafkin Legas a tsakiya, ga kogin Ogun yana gangarowa daga arewa yana zuba a cikinsa. Ruwan saman da ke sauka a shekara yakan haura milimita 1,500, watau wajen ninki biyu na abin da Kano take samu.

Cike fadama a Ikko ba yau aka fara ba. Tun zamanin Gwamna William MacGregor, wanda ya riƙe mulkin Legas daga 1899 zuwa 1904, aka shiga janye ruwan fadamu don yaƙi da sauro, har aka haƙa magudanar da ta raba tsibirin Legas da Ikoyi, wadda ake kira da sunansa. Bayan annobar da ta auka wa garin cikin shekarun 1920, sai aka kafa hukumar raya birnin a 1928, ita ma ta ci gaba da cike wurare da rushe unguwanni. Yawancin Apapa da Victoria Island a kan yashin da aka zuba suke zaune. Haka nan rukunin gidajen Festac da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na 1977.

Abin ya ƙara ƙaimi bayan da aka buɗe hanyar Lekki zuwa Epe cikin shekarun 1980. A watan Yuli na 1990 gwamnatin soja ta Kanar Raji Rasaki ta rushe unguwar Maroko, inda aka ƙiyasta mutum wajen 300,000 suke zaune, bisa hujjar cewa wurin kwari ne da ruwa ke ci, bai dace da zaman ɗan adam ba. Daga baya aka cike wurin da yashi, ya zama ɗaya daga cikin unguwanni mafi tsada a ƙasar nan. Komawar hedkwatar tarayya Abuja a watan Disamba na 1991 ba ta rage cunkoson ba ko kaɗan. Ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, adadin da gwamnatin jihar ta ƙi yarda da shi tana cewa ya yi kaɗan, yanzu kuwa kusan duk ƙiyasin da ake yi ya haura miliyan 15.

A 'yan shekarun nan an ga sabon tsibirin Banana, da sabon birnin Eko Atlantic mai faɗin wajen murabba'in kilomita 10 da aka ƙwato daga teku a inda Bar Beach yake a da, da tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote da aka buɗe a 2023, sa'an nan ga babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka soma a 2024. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da amfaninsa ga tattalin arzikin ƙasa. Sai dai kowannensu ya janyo dubban masu neman filin gini a kewayensa, kuma filin da ya rage a wannan yanki galibi fadama ne.

AIKIN DA FADAMA TAKE YI BA LADA

Manomin Arewa ba ya bukatar a gaya masa darajar fadama, domin a nan yake noman rani, a nan dabbobi suke samun ɗanyar ciyawa idan ko'ina ya bushe. Amma mutumin birni yakan ɗauke ta wurin banza, matattarar sauro da juji. To, bari mu yi ɗan lissafi. Idan kadada ɗaya ta fadama ta riƙe ruwa mai zurfin rabin mita, to, ta riƙe lita miliyan 5 ke nan, watau cikin ganga 25,000 irin mai cin lita 200. Ranar da aka cike wannan kadada aka daɓe ta da siminti, ruwan saman bai san an yi ba. Zai sauko yadda ya saba, waɗannan ganguna 25,000 kuma dole su sami wurin zuwa. Wurin kuwa shi ne titi da gidan maƙwabcin da bai ɗaga harsashinsa ba.

Mutanen Ikko sun ga wannan da idonsu. A watan Oktoba na 2010 kogin Ogun ya cika ya batse bayan an saki ruwa daga madatsar Oyan, ya mamaye unguwannin da ke kan hanyar Ikorodu, kusa da kasuwar Mile 12 inda dubban 'yan Arewa suke sana'ar tumatir da albasa da tattasai. Ranar 10 ga Yuli, 2011, aka wuni ana tafka ruwa, mutum fiye da 20 suka rasa rayukansu. A watan Yuli na 2017 kuwa, unguwannin masu hali na Lekki da Victoria Island ne suka nutse, har aka ga mutum yana tuƙa ɗan kwalekwale a kan babban titi. Ruwa dai bai san gidan attajiri ba, bai san na talaka ba, bambancin kawai shi ne wanda yake da halin sake gini.

Ban da tare ambaliya, fadama tana tace ƙazantar ruwa kafin ya shiga tafki, tana sanyaya iskar gari, kuma a cikin saiwoyin itatuwanta ne kifi da jatan lande suke ƙyanƙyasa. Masuntan Makoko da Epe da Badagiri da waɗannan wurare suka dogara, ko da ba a cikinsu suke jefa taru ba.

RUMBUN DA KE ƘARƘASHIN TAƁO

Sai mu juya ga dalili na biyu. Kowane tsiro yana zuƙar iskar kabon, wadda ita ce babbar mai ɗumama duniya, ya gina jikinsa da ita. A kan tudu, idan ganye ya faɗi yakan ruɓe nan da nan, iskar ta koma sama. A fadama kuwa ganye da saiwa cikin taɓo suke nutsewa, inda iska ba ta shiga, saboda haka ba sa ruɓewa duka. Haka suke taruwa shekara bisa shekara har ɗaruruwan shekaru. Masu bincike sun nuna cewa kadada ɗaya ta itatuwan gaɓar teku da ake kira mangurof, masu saiwoyi a waje kamar ƙafafu, tana iya adana kabon ninki uku ko fiye na abin da kadadar kurmin tudu take adanawa, kuma mafi yawansa a cikin taɓon yake, ba a jikin itacen ba. Nijeriya ce take da mafi faɗin irin wannan kurmi a duk Afirka, galibinsa a yankin Neja Delta, da ragowarsa a gefen tafkunan Legas.

Idan aka sare itatuwan aka janye ruwan, sai iska ta shiga taɓon, ruɓewar da aka jinkirta shekaru aru-aru ta kankama, rumbun ya koma bututun hayaƙi. Asarar ba ta tsaya nan ba. Simintin da za a yi gini da shi yana daga cikin sana'o'in da suka fi fitar da hayaƙi a duniya. Jiragen da ke haƙo yashi gas suke sha. Bayan an gama ginin kuma, sai a sa injin janye ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, dukansu a kan janareta, don su yi aikin da fadama take yi kyauta.

Gaskiya ne fadamar ruwan daɗi takan fitar da wata iska mai ɗumama duniya da ake kira misen, musamman idan aka mai da ita wurin zuba ƙazanta. Wannan ne ya sa masana suke cewa ba faɗin fadama kaɗai za a auna ba, har da irinta da lafiyarta, domin wadda ruwan gishiri yake shiga ba ta cika fitar da wannan iska da yawa ba.

Nijeriya ta ɗauki alkawari a taron Glasgow na 2021, ta bakin Shugaba Muhammadu Buhari, cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda itatuwanta da ƙasarta suke shanyewa ba, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka sa hannu a kan Dokar Sauyin Yanayi. Jihar Legas ta sa wa kanta 2050 a cikin shirinta na yanayi. Wannan lissafi ne mai ɓangare biyu, kamar na ɗan kasuwa: abin da ya fita da abin da ya shigo. Birnin da yake sayen motocin safa masu aiki da lantarki da hannun dama, yana cike fadamunsa da hannun hagu, tamkar mai ɗiban ruwa ne da kwando.

IDON DA BA YA BARCI

To, yaya ake sanin abin da ya ragu? A da sai ma'aikatan safiyo sun shiga kwalekwale, ko a ɗauki hoto daga jirgin sama, aiki mai tsada da ba a iya maimaita shi kullum. Abin ya sauya a 1972, lokacin da Amurka ta harba tauraron ɗan adam na farko a jerin da ake kira Landsat. Tun daga nan ba a daina ba, na tara ya tashi a 2021. Tun daga shekarun 1980 kowane ɗaya yakan dawo kan wuri guda bayan kwana 16, kuma kowane ɗigo a hotonsa yana nuna fili mai mita 30 tsawo da faɗi, watau kamar fuloti biyu na ƙafa 50 da ƙafa 100. A 2008 aka buɗe wannan taska kyauta ga kowa. Yau ɗalibi a Akoka ko Zariya ko Maiduguri yana iya jera hoton Lekki na 1984 da na bana a kan kwamfutarsa ya ga bambanci.

Yadda na'urar take rarrabewa abu ne mai ban sha'awa. Akwai wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda ruwa yake shanyewa, ɗanyen ganye kuma yake mai da shi da ƙarfi, rufin kwano da yashi su ma da nasu salon. Da haka kwamfuta take iya cewa wannan ɗigo ruwa ne, wannan kurmi ne, wancan gini ne, ta kuma ƙidaya su. Binciken da malaman jami'o'inmu da na waje suka yi ta wannan hanya duk bakinsu ɗaya a kan Legas: tun daga shekarun 1980 gine-gine suna yaɗuwa, fadama da kurmin gaɓa suna ja da baya, musamman a yankin Lekki da gefen Ikorodu.

Amma wannan ido yana da nasa rauni. Da damina, daidai lokacin da fadama take cika, gajimare yakan rufe Ikko makonni, da hunturu kuma ga ƙura. Maganin wannan shi ne tauraron Turai mai suna Sentinel-1, wanda aka fara harbawa a 2014. Shi yana aika saƙon rada ne ya saurari dawowarsa, saboda haka gajimare da duhun dare ba sa hana shi aiki. Da irin wannan rada ce ake auna nutsewar ƙasa, aka kuma gano cewa wasu sassan Ikko suna yin ƙasa a hankali, saboda nauyin gini a kan yashin ciko da yawan haƙa rijiyoyin burtsatse, alhali teku tana ƙara tasowa. Ɗan'uwansa Sentinel-2, na 2015, yana ganin fili mai mita 10, yana dawowa duk kwana biyar.

Wani abin da ke ruɗa na'ura shi ne tsiron nan mai kama da kainuwa da ya shigo ruwayen Legas ta wajen Badagiri a 1984. Idan ya rufe fuskar ruwa, daga sama sai a ɗauka fili ne mai ciyawa. Saboda haka dole mutum ya taka ƙasa ya tabbatar, kuma babu wanda ya fi masunci da mai kwalekwale sanin inda ruwa yake kaiwa a watan Yuli da inda yake tsayawa a watan Janairu. Gani ya kori ji, amma ganin nesa yana bukatar shaidar na kusa.

Nijeriya ma ba a bar ta a baya ba. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba NigeriaSat-1 daga Rasha a watan Satumba na 2003, sa'an nan NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a watan Agusta na 2011. Ashe ke nan masana da kayan aiki ba su ne matsalarmu ba.

DOKA TANA NAN, SAURA AIKI

Ranar 2 ga Fabrairu, 1971, a garin Ramsar na ƙasar Iran, aka ƙulla yarjejeniyar duniya ta kare fadamu, shi ya sa ake bikin ranar fadamu a wannan rana kowace shekara. Duk da haka rahoton da ofishin yarjejeniyar ya fitar a 2018 ya nuna duniya ta yi asarar kashi 35 cikin 100 na fadamunta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na ɓacewar kurmi sau uku. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar da tafkin Nguru, wanda aka yi wa rajista a 2000, aka ƙara wasu wurare 10 a 2008, cikinsu har da Baturiya da Dagona da Maladumba da tafkin Oguta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan 11 da yake Jihar Legas. Abin da aka fi sani a can shi ne gandun Lekki mai kadada 78 da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya ta kafa a 1990, wanda yanzu ya zama kamar ɗan tsibiri kore a tsakiyar gine-gine.

A cikin gida akwai dokar 1992 da ta wajabta auna illar kowane babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, akwai kuma ƙa'idojin kare fadamu da gaɓar koguna na 2009. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, watau shi ne mai ikon cewa wannan wuri ba na gini ba ne. A 2023 da 2024 gwamnatin jihar ta rushe gine-gine da dama da aka yi a kan hanyoyin ruwa a yankin Lekki. Amma rushe gidan da mutum ya zuba dukiyarsa a ciki magani ne mai ɗaci. Da ana duba hotunan sama kowane wata, da tun ranar da motar yashi ta fara juyewa aka tsai da aikin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Akwai kuma batun adalci. Idan za a kori masunci daga bakin ruwa da sunan kare muhalli, kamar yadda aka tashi mutanen Otodo Gbame a 2016 da 2017, sa'an nan a bar mai kuɗi ya cike irin wannan wuri, to, ba fadama aka kare ba. Amfanin hoton tauraro shi ne ba ya karɓar cin hanci, ba ya jin tsoron kowa. Idan aka buga shi kowa ya gani, za a san wanda ya cike da ranar da ya cike.

Wasu biranen sun nuna abin mai yiwuwa ne. Kigali ta ƙasar Ruwanda ta kwashe masana'antu daga fadamar Gikondo, ta farfaɗo da fadamar Nyandungu mai kadada fiye da 120, ta buɗe ta wurin shaƙatawa a 2022, a shekarar kuma ta shiga jerin biranen da yarjejeniyar Ramsar ta yaba wa. A gabashin Kolkata ta Indiya, fadamu masu kadada 12,500 suna tace ƙazantar ruwan birnin, suna kuma ciyar da dubban masu kiwon kifi da manoman lambu.

Kada mai karatu na Arewa ya ce wannan matsalar mutanen bakin teku ce. Kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda kakanni suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, su ne suke karɓar ruwan unguwanni da damina, kuma kowa ya san da yawansu an cike su da shara an yi gini a kai. Haka abin yake a gefen kogin Kaduna da sauran garuruwanmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ake bukata ba shi da wuyar faɗa. Kowace jiha ta zana taswirar fadamu da tafkunan biranenta, ta buga ta a fili, ta sabunta ta kowace shekara. A haɗa ofishin ba da filaye da masu duba hotunan sama, ta yadda ba za a sa hannu a takardar mallaka ba sai an duba taswirar. A sa masu unguwanni da masunta da ɗaliban jami'a cikin aikin sa ido. A kuma shigar da fadama cikin lissafin hayaƙin da kowane birni yake bayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, damina kuwa ba ta saɓa alkawari. Allah ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran abin da za a ceta, amin.